Tambaya da Amsa: Ziyarar Wuraren Tunawa da Iyalan da Yunwa Ta Tarwatsa a Ƙasar Ayilan

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, kuma dukkansu a kan abu guda suke, wato wuraren da mutanen ƙasar Ayilan suka keɓe domin tunawa da iyalan da suka halaka ko suka watse a Babbar Yunwar da ta auka wa ƙasarsu tsakanin 1845 da 1852. Ta farko ce ta fi buƙatar dogon bayani, don haka da ita za mu fara.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyu, kuma shekara guda ke nan da aiki ya kawo maigidana birnin Dublin muka biyo shi. Kwanakin baya muna tafiya a gaɓar kogin Liffey sai muka ci karo da wasu mutum-mutumai na tagulla, dogaye, ramammu, sanye da tsumma, kamar matafiyan da gajiya ta ci ƙarfinsu. Ɗana mai shekara tara ya tsaya cak, ya tambaye ni ko su wane ne, na ce masa mutanen da yunwa ta kashe ne a zamanin da. Sai ya ce, "Mama, to me ya sa ba su ci wani abu daban ba?" Na rasa amsar da zan ba shi, na ja hannunsa muka wuce, kuma tun ranar abin yake damuna. Ina so mu koma wurin da niyyar ziyara, amma ina son in san tarihinsa tukuna, in kuma san ko ya dace a kai yara irin wannan wuri, da yadda ya kamata mutum ya kasance idan ya je. Wata maƙwabciyata kuma ta ce mini ai gumaka ne, babu abin da zai kai ni. Ina neman shawara. Daga uwar yara biyu, Dublin.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki yaran, ya kuma albarkaci wannan ɗa naki, domin tambayar da ya yi miki ita ce wadda masana tarihi suka shafe sama da shekara 170 suna juyawa. Shawarata a taƙaice ita ce ki koma, ki kuma tafi da shi, amma bari in fara ba ki abin da za ki riƙe a hannu kafin ki je.

Wurin da kuka gani yana kan gaɓar da ake kira Custom House Quay, kusa da tsohon ginin kwastan na birnin wanda aka kammala a 1791. Wani mai sassaƙa ɗan ƙasar mai suna Rowan Gillespie ne ya ƙera mutum-mutuman, wata mai taimakon al'umma, Norma Smurfit, ta ɗauki nauyin aikin ta miƙa wa birnin kyauta, aka kuma kafa su a 1997, shekara 150 cif bayan 1847, shekarar da 'yan ƙasar ke kira Baƙar 47 saboda yawan mace-macen da aka yi a cikinta. An zaɓi wannan gaɓa ne domin daga nan ɗaya daga cikin jiragen farko na masu gudun yunwa, mai suna Perseverance, ya tashi zuwa New York a ranar 17 ga Maris, 1846. Na taɓa tsayawa a wurin da sassafe ana yayyafi, kuma abin da ya fara kama idona shi ne hannuwa. Mafi yawansu sun rungume ɗan ƙunshi a ƙirji da yatsu sirara kamar tsinke, ƙunshin da bai fi girman matashin kai ba, kuma shi ne duk abin da suka mallaka a duniya. Akwai wani namiji da ya saɓo yaro a kafaɗunsa, kan yaron da hannuwansa suna reto, ta yadda mai kallo ba zai iya cewa barci yake yi ko rai ya riga ya yi halinsa ba. A can baya kuma ga wani ramammen kare yana binsu. Ruwan sama yana gangarowa ta kumatunsu da suka lotsa, ma'aikatan bankunan da ke unguwar suna wucewa da sauri ta tsakaninsu, domin babu shinge, babu dakali mai tsawo, a kan daɓen da kowa ke takawa aka ajiye su. Duk abin da na karanta a littattafai kafin ranar bai shige ni kamar wannan tsayuwa ta minti ashirin ba, lallai gani ya kori ji.

To, mu dawo kan tambayar yaro. A wancan zamani Ayilan tana ƙarƙashin Birtaniya, domin tun 1801 aka rufe majalisar Dublin aka koma mulkin ƙasar daga Landan. Mafi yawan gonaki suna hannun wasu 'yan tsirarun masu ƙasa, da yawansu zuriyar waɗanda aka mallaka wa filayen bayan yaƙe-yaƙen ƙarnukan baya, wasunsu ma a Ingila suke zaune, sai dai wakilansu su karɓo musu kuɗin haya. Talaka manomi ɗan haya ne, kuma hatsin da ya noma da aladen da ya kiwata na sayarwa ne domin a biya mai ƙasa, in bai biya ba a kore shi. Abin da ya rage masa shi ne ɗan ƙaramin fili a bayan bukka, kuma babu amfanin gonar da zai ciyar da miji da mata da yara a fili mai ƙanƙanta haka sai dankalin Turawa. Ƙidayar 1841 ta nuna mutanen tsibirin sun haura miliyan 8, kuma kusan miliyan 3 daga cikinsu ba su da wani abinci sai dankali da ɗan madara, safe da rana da dare. Lebura guda yakan ci kimanin kilo 6 a yini. Ga shi kuma kusan iri ɗaya kowa ke shukawa a yammacin ƙasar, wani mai suna Lumper, mai yawan yabanya amma marar juriyar cuta.

A watan Satumba na 1845 wata ƙwayar cuta mai kama da funfuna, wadda masana kimiyya ke kira Phytophthora infestans, ta iso tsibirin. Daga nahiyar Amurka ta ƙetaro zuwa Turai, iska da danshi ne ke yaɗa ta, kuma Ayilan ƙasa ce mai yawan ruwan sama, don haka wannan yunwa ba ta fari ba ce. Ganye yakan fara yin baƙaƙen ɗigo, cikin 'yan kwanaki gona ta ɗauki ɗoyi, dankalin da aka haƙo lafiya lau aka adana a rami sai a buɗe a tarar ya narke ya zama baƙin ruwa. A shekarar farko kimanin kashi ɗaya cikin uku ya lalace, mutane suka sayar da dabbobi da tufafi suka lallaɓa. A 1846 kusan duka ya tafi. A 1847 cutar ta yi sauƙi, amma an riga an cinye iri, ba a shuka abin kirki ba, sannan a 1848 ta dawo da ƙarfinta.

Cutar ta shiga Beljiyam da Holan da tsaunukan Sikotilan, an kuma sha wahala a can, amma babu inda aka yi asarar rayuka irin ta Ayilan, kuma a nan ne amsar ɗanki take. Akwai wani abincin a ƙasar. A shekarun da mutane ke faɗuwa a bakin hanya, jirage suna tashi daga tashoshin Ayilan ɗauke da hatsi da shanu da man shanu zuwa Ingila, a wasu garuruwan ma sai da rakiyar sojoji ake kai kayan tasha. Gaskiya ne cewa abin da aka fitar ba zai cike gurbin dankalin da ya ruɓe gaba ɗaya ba, kuma daga 1847 hatsin da aka shigo da shi ya fi wanda aka fitar, amma a lokacin sanyin 1846 zuwa 1847, kafin jiragen masara su iso da yawa, hana fitar da abincin da ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Talaka yana ganin abinci a kasuwa, farashi ya ninka, shi kuma ba shi da ko sisi, domin ladan aikinsa a da shi ne ɗan filin da yake shuka dankali. Waɗanda ke bakin teku sun ci ciyawar ruwa da dodon koɗi har suka ƙare, da yawa daga masunta kuma sun riga sun jinginar da komarsu da kwale-kwalensu tun shekarar farko.

Gwamnatin Landan ba ta naɗe hannu gaba ɗaya ba, amma taimakon nata ya zo da ƙwauro. Firaminista Robert Peel ya sayo masarar fam 100,000 daga Amurka a ɓoye a ƙarshen 1845, sai dai masara ce mai tauri wadda mutanen ba su san yadda ake niƙa ta da dafa ta ba, ta riƙa murɗa musu ciki. A tsakiyar 1846 John Russell ya karɓi mulki, shi da jami'in baitulmalin da ke kula da agajin, Charles Trevelyan, suka tsaya kan cewa kada gwamnati ta sa baki a harkar kasuwa, kuma kada a saba wa talaka da kyauta. Sai aka ɓullo da aikin gina hanyoyi, aka sa mutanen da yunwa ta gama cinyewa suna fasa dutse cikin tsananin sanyi a kan ladan da ba ya sayen abincin iyali, har yawansu ya haura 700,000 a watan Maris na 1847. Da aka ga mutane na mutuwa a bakin aiki, sai aka buɗe wuraren dafa abinci kyauta, kuma a watan Yuli na 1847 sama da mutum miliyan 3 ake ciyarwa a kullum. Wannan ya nuna cewa ceton yana yiwuwa idan an so. Amma kafin ƙarshen shekarar aka rufe su, aka ce daga yanzu harajin da ake karɓa a cikin Ayilan ne zai ɗauki nauyin talakawan Ayilan. Duk abin da baitulmalin Birtaniya ya kashe a kan yunwar bai kai fam miliyan 10 ba, alhali 'yan shekaru kafin nan ƙasar ta ware fam miliyan 20 domin biyan diyya ga masu bayi a lokacin da aka haramta bauta. A ganina wannan kwatanci kaɗai ya isa ya nuna inda darajar ran talakan Ayilan ta tsaya a idon masu mulkin wancan lokaci. Wani ɗan gwagwarmayar ƙasar, John Mitchel, ya ce Ubangiji ne ya aiko da cutar dankali amma Ingilishi ne suka ƙirƙiri yunwar. Mafi yawan masana tarihi na yau ba su kira abin kisan ƙare dangi da gangan ba, sun fi kiransa sakaci mai muni da taurin kai a kan aƙida, haɗe da raini. A 1997 Firaminista Tony Blair ya fito fili ya amince cewa waɗanda suka yi mulki a Landan a lokacin sun gaza wa mutanensu.

Abin da nake so ki fi mai da hankali a kai shi ne iyali, domin shi ne abin da mutum-mutuman nan ke nunawa. Mafakar ƙarshe ta talaka ita ce gidan gajiyayyu na hukuma, waɗanda aka gina guda 130 bayan dokar 1838. Ƙa'idar gidan ita ce iyali su shiga gaba ɗaya, amma da zarar sun ƙetare ƙofa sai a raba su, maza ɓangare guda, mata ɓangare guda, yara maza da yara mata kowa da nasa, ta yadda uwa za ta iya kwana a gini ɗaya da ɗanta ba ta san ya rasu ba. A 1847 kuma aka ƙara wani sharaɗi mai ɗauke da sunan ɗan majalisa William Gregory, cewa duk mai riƙe da fili sama da rubu'in eka ba zai samu agaji ba sai ya saki filin. Gaba kura baya sayaki ke nan, ko magidanci ya riƙe gonarsa yara su mutu a gabansa, ko ya sake ta ya zama ba shi da wurin komawa har abada. Su kuma masu ƙasa, da yake doka ta ɗora musu biyan harajin ƙananan filaye, sai suka ga korar 'yan haya ta fi musu riba, aka riƙa ɗaye rufin bukkoki ana rushe bango domin kada a dawo, mutane suka koma kwana a ramuka da gefen hanya. Tsakanin 1849 da 1854 kaɗai, bayanan hukuma sun nuna an kori kusan mutum 250,000 daga gidajensu. Mafi yawan waɗanda suka rasu cututtukan da ke bin yunwa ne suka ɗauke su, musamman zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa, da atini, da kwalarar da ta ɓarke a 1849. Mutanen Ayilan al'umma ce mai girmama jana'iza da zaman makoki ƙwarai, amma sai da ta kai ana amfani da akwatin gawa mai buɗaɗɗen ƙasa, a kai gawa bakin rami a zare, a dawo da akwatin a ɗauki wata.

Kimanin mutum miliyan 1 ne suka rasu, sama da miliyan 1 kuma suka bar ƙasar a shekarun yunwar, ƙidayar 1851 ta samu kimanin miliyan 6 da rabi. Hijirar ba ta tsaya ba bayan haka, kuma har yau mutanen tsibirin baki ɗaya, kudu da arewa, ba su koma adadinsu na 1841 ba. Harshen ƙasar na asali ma ya ji jiki, domin yankunan da suka fi magana da shi su ne suka fi talauci, su ne kuma suka fi mutuwa. A wannan harshe ana kiran abin da ya faru An Gorta Mór, wato Babbar Yunwa, tsofaffi kuma sukan ce An Drochshaol, wato mummunan zamani.

Idan kun tsaya a wurin, ga yadda nake ganin za ki amsa wa yaro daidai hankalinsa. Ki ce masa waɗannan mutane manoma ne masu aiki tuƙuru, gonakin da suke nomawa ba nasu ba ne, abinci ɗaya tak aka bar musu, da ya lalace kuma ba su da kuɗin sayen wani, waɗanda ke da ikon taimaka musu kuwa ba su taimaka yadda ya kamata ba. Yaro mai shekara tara zai gane wannan sarai, domin yara sun san rashin adalci tun kafin su san sunansa. Ba sai kin kai shi ga batun ramukan gawa ba, wannan ya jira sai ya ƙara girma. Ki bar shi ya zagaya, ya dubi fuskokin, ya yi tambaya, idan kuma ya tambaye ki ko yaron da ke kafaɗar mutumin nan yana da rai, ki tambaye shi shi me ya gani. Ƙaramin kuwa, idan bai kai shekara biyar ko shida ba kuma kin ga alamar tsoro a fuskarsa, kada ki matsa masa.

Game da ladabin wurin, ki ɗauka kamar gaisuwar rasuwa za ki je. Babu mai gadi, babu kuɗin shiga, babu lokacin buɗewa ko rufewa, kuma ba a hana ɗaukar hoto ba, amma na ga masu yawon buɗe ido suna rataya hannu a wuyan mutum-mutuman suna dariya, wasu suna cin abinci a jingine da su, abin ya yi mini ciwo matuƙa. Cikin masu tsayawa a wurin akwai jikokin jikokin waɗanda suka tsira, sun taso daga Amurka ko Kanada ko Ostareliya domin ganin gaɓar da kakanninsu suka bari, wani lokaci za ki ga an ajiye fure a ƙafar ɗaya daga cikinsu. A sassauta murya, kada yara su hau kansu, kuma a ajiye abin ci sai an bar wurin. Safiya ta fi, kafin jama'a su yi yawa.

Maganar maƙwabciyarki kuma, hukuncin sassaƙa siffar mutum fage ne na malaman fiƙihu, kuma za ki iya tuntuɓar malamin da kika amince da shi. Abin da zan shaida miki shi ne babu mai bauta wa waɗannan siffofi, babu mai roƙonsu komai, an kafa su ne domin kada a manta da talakawan da yawancinsu ko kabarinsu ba a sani ba. Idan duk da haka zuciyarki ba ta natsu ba, akwai wuraren tunawa da babu siffar mutum a cikinsu, zan ambace su a amsoshin da ke tafe.

Wurin yana da sauƙin zuwa, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa daga tashar jirgin ƙasa ta Connolly. Kaɗan gaba a kan gaɓar akwai jirgin ruwa mai suna Jeanie Johnston, kwafin wani jirgi ne da ya yi tafiya 16 zuwa Arewacin Amurka tsakanin 1848 da 1855, ya kwashi kimanin mutum 2,500 ba tare da ya rasa rai ko ɗaya ba, saboda yana da likita a ciki kuma ba a cika shi fiye da kima ba. Ina ba ki shawarar ku ƙare ziyarar da shi, domin bayan yaro ya ga abin da sakaci ya jawo, yana da kyau ya ga abin da kulawa ta iya yi a zamani guda. Shi da gidan tarihin hijira na EPIC da ke tsallaken titi ana sayen tikiti kafin a shiga.

TAMBAYA: Malam, na sha ganin ana yaɗawa a intanet cewa Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya aika wa mutanen Ayilan jiragen abinci a ɓoye, kuma Sarauniyar Ingila ta hana shi ba da kuɗi masu yawa. Shin gaskiya ne, kuma akwai wurin tunawa da hakan? Daga wani ɗalibin tarihi.

AMSA: Ɗan'uwa, labarin yana da tushe, amma an yi masa ƙari. Abin da ya tabbata shi ne Sultan Abdulmajid na Ɗaya, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya ba da gudummawar fam 1,000 a 1847, kuma manyan mutanen Ayilan sun rubuta masa takardar godiya wadda ke ajiye a ma'adanar takardun daular a Istanbul. Sarauniya Victoria ta ba da fam 2,000. Zancen cewa ya yi niyyar ba da fam 10,000 aka roƙe shi ya rage domin kada ya zarce Sarauniya tsohon zance ne da aka daɗe ana faɗa, haka ma labarin jiragen da suka sauke abinci a garin Drogheda, amma masu bincike ba su samu shaidar zuwan jiragen a takardun tashar ba. Tauraro da jinjirin watan da ke tambarin garin, waɗanda ake yawan kafa hujja da su, sun girmi zamanin yunwar da ɗaruruwan shekaru. Duk da haka mutanen Drogheda sun riƙe zumuncin, har suka kafa allon tunawa da karamcin Turkawa a 1995. Tunda kai ɗalibin tarihi ne, ka riƙe fam 1,000 ɗin da takardar godiyar, sun ishe ka, kuma alheri ne babba daga sarkin da babu abin da ya haɗa shi da waɗannan mutane, ba addini ba, ba maƙwabtaka ba.

Ba shi kaɗai ya taimaka ba. Daga cikin gudummawar farko akwai wadda ta zo daga birnin Kalkata na Indiya, mabiya wata ɗariƙar Kirista mai suna Quaker sun yi aikin ciyarwa ba tare da neman kowa ya sauya addininsa ba, talakawan Ingila ma sun ba da nasu ta hannun ƙungiyar agajin da ta tara sama da fam 400,000. Wadda ta fi taɓa zuciyata ita ce ta ƙabilar Choctaw, 'yan asalin Amurka, waɗanda suka tara dala 170 a 1847, shekara 16 kacal bayan an fara korarsu daga ƙasar kakanninsu a wata doguwar tafiya da dubbansu suka mutu a hanya. A garin Midleton da ke gundumar Cork akwai abin tunawa da wannan kyauta, gashin tsuntsu guda tara na ƙarfe, kowanne tsawon kusan mita 6, an jera su a da'ira kamar ƙwaryar da babu komai a ciki. Alex Pentek ne ya ƙera shi. A 2020, da annobar korona ta tsananta a yankunan ƙabilun Navajo da Hopi, su ma 'yan asalin Amurka, dubban 'yan Ayilan sun aika da gudummawa suna ambaton waccan kyauta ta 1847.

TAMBAYA: Ina shirin zuwa Ayilan na mako guda, kuma ina son ganin inda abin ya faru da gaske, ba cikin babban birni kaɗai ba. Ina zan nufa? Daga wani mai karatu.

AMSA: Ka nufi yamma da kudu, domin can ne yunwar ta fi yin ɓarna. A ƙauyen Murrisk da ke gundumar Mayo, a gindin dutsen Croagh Patrick, akwai abin tunawa na ƙasa wanda John Behan ya ƙera, Shugabar ƙasar Ayilan ta lokacin, Mary Robinson, ta buɗe a 1997. Jirgin ruwa ne na tagulla wanda igiyoyinsa ƙasusuwan mutane ne, domin tunawa da jiragen da aka yi wa laƙabi da akwatin gawa saboda yawan waɗanda zazzaɓi ya kashe a cikinsu. Ba nisa daga nan akwai kwarin Doolough, inda a ƙarshen Maris na 1849 aka umarci ɗaruruwan mayunwata su yi tattaki cikin dare da mugun sanyi daga Louisburgh zuwa wani masaukin da jami'an agaji suka sauka domin a tantance su, aka wayi gari ana tsintar gawarwaki a bakin hanya, har da na mata da yara. Gicciyen dutse ne kawai a wurin, sai tafki da tsaunuka da iska, kuma duk shekara ana yin tattakin tunawa a kan wannan hanya. A kudu kuma, a maƙabartar Abbeystrowry kusa da garin Skibbereen, akwai wani fili shimfiɗaɗɗe mai koren ciyawa wanda bai fi ƙaramin filin wasa ba, a ƙarƙashinsa an binne mutum tsakanin 8,000 da 10,000. Idan tafiyarka ta dace da watan Mayu, ranar Lahadi ta uku a watan ce ranar tunawa ta ƙasa.

Idan wuri ɗaya kawai lokacinka zai ba ka, ka je Strokestown a gundumar Roscommon, inda gidan tarihin yunwa na ƙasa yake a harabar gidan wani mai ƙasa, Manjo Denis Mahon. A nan za ka ga takardun koke da 'yan haya suka rubuta suna roƙon abinci, ajiye a gidan da aka aike su. A watan Mayu na 1847 Mahon ya ga biyan kuɗin jirgi ya fi masa araha a kan ciyar da mutanensa, sai aka tasa mutum 1,490 a gaba, maza da mata da yara, suka taka kilomita 165 a gefen mashigin ruwan Royal Canal zuwa Dublin, daga nan aka kai su Liverpool, aka zuba su a jirage huɗu zuwa Kanada. Ɗaruruwa daga cikinsu sun mutu a teku ko a tsibirin killace marasa lafiya na Grosse Île kusa da Quebec, inda aka binne sama da mutum 5,000 a wannan shekara kaɗai. Shi kansa Mahon harbe shi aka yi a watan Nuwamba na shekarar.

Yanzu an mai da hanyar da suka bi ta zama hanyar tattaki mai suna National Famine Way, kuma alamomin da aka kafa a kanta takalman yara ne na tagulla, sama da talatin, waɗanda aka zuba a kan siffar wasu ƙananan takalma da wani manomi ya tsinta a rufin wata tsohuwar bukka da ta rushe. 'Yar'uwata mai wasiƙar farko, wannan ya shafe ki ke ma, domin ana iya bin ɗan yanki na hanyar da yara a cikin yini guda daga cikin Dublin, kuma ƙarshenta yana kan gaɓar Custom House Quay, daidai wurin da ɗanki ya tsaya ya yi miki tambaya.